Yadda Za Ka Ci Abincin Gargajiyar Italiya A Tsibirin Sisiliya, Daga Palermo Har Catania

A Italiya kowane gari da tukunyarsa. Abin da ake girkawa a Milan daban, na Napoli daban, kuma ko a cikin yanki ɗaya sai ka yi tafiyar awa biyu a mota ka tarar girkin ya canza gaba ɗaya. Matafiyin da duk garin da ya shiga fiza yake nema da taliya mai tumatir zai ƙoshi, amma zai koma gida bai san abin da mutanen wurin ke ci ba. Idan dama ta samu, ko karatu ne ya kai ka, ko kasuwanci, ko ziyarar ɗan'uwa, yankin da na fi ba da shawarar a zaga shi ne Sisiliya, tsibiri mafi girma a tekun Bahar Rum, wanda tsakaninsa da Tunisiya bai wuce kilomita 150 ba.

Dalilina biyu ne. A arewacin Italiya, musamman wajen Bologna da Parma, naman alade ne ginshiƙin girki. A Sisiliya kuwa kifi ne da ganyaye da man zaitun da alkama suka fi yawa, don haka Musulmi yana da zaɓi mai faɗi. Sannan akwai hannun Larabawa a tukunyar. A shekarar 827 rundunar Musulmi daga Kairawan ta sauka a Mazara ƙarƙashin alƙali Asad bin Furat, almajirin Imam Malik, a 831 Palermo ta shiga hannunsu, ta zauna haka har 1072 da Normawa suka karɓe ta. Rake da lemo da dabarun ban ruwa sun bunƙasa a tsibirin a wannan zamani, kuma a 1154 masanin taswira Al-Idrisi ya rubuta cewa a Trabia, kusa da Palermo, ana yin busasshiyar taliya da yawa har ana fitar da ita a jiragen ruwa. Zabibi a cikin miyar kifi, zaƙi da tsami a kwano ɗaya, duk za ka ci karo da su.

Mataki na ɗaya: ja layin tafiya

Ka sauka a filin jirgin Palermo, ka fita ta na Catania, ko akasin haka. Hanyar da ta fi daɗin ci ita ce ta zagaye: daga Palermo ka yi yamma zuwa Trapani, ka gangara kudu ta Mazara da Agrigento, ka ratsa Ragusa da Modica da Noto da Siracusa, ka ƙare a Catania a gindin Etna, dutsen aman wuta. Tsakanin manyan garuruwa motocin bas sun fi jirgin ƙasa sauƙi a yawancin hanyoyi. Ƙauyuka kuwa sai da motar haya. In ka ɗauki mota, ka kula da allon da aka rubuta ZTL a bakin tsoffin unguwanni: ba a yarda baƙuwar mota ta shiga ba, kyamara ce ke ɗauka, takardar tara ta bi ka daga baya.

Watan Mayu da Yuni, ko Satumba da Oktoba, su ne lokacin. A Agusta zafi ya yi yawa, bakin teku ya cika maƙil, sannan a wajen ranar 15 ga wata ƙananan gidajen abinci na cikin birni da dama sukan rufe, masu su sun tafi hutu.

Mataki na biyu: daidaita cikinka da agogonsu

Wannan shi ne abin da ya fi kayar da baƙo. Abincin rana daga ƙarfe 1 ne zuwa wajen 3. Na dare ba ya kankama sai 8, a lokacin zafi ma 9 ake cika tebur. Tsakanin 3 da 7 da rabi murhun gidan abincin kirki a kashe yake. Duk wurin da ka ga yana ba da cikakken abinci da ƙarfe 5 na yamma, don 'yan yawon buɗe ido aka buɗe shi, kuma galibi ɗumame za a kawo maka.

Kasuwa ta safe ce. Ka isa tsakanin 8 da 11, kafin masu kifi su fara wanke teburansu. Ranar Litinin gidajen kifi da yawa ba sa buɗewa, saboda masunta sun huta ranar Lahadi. Ranar Lahadin da rana kuma iyalai ne ke cika ko'ina, in ba ka kira ka kama tebur tun jiya ba, a tsaye za ka ƙare.

Mataki na uku: san ƙofar da za ka shiga

Sunan da ke kan allon ƙofa yana gaya maka abin da ke ciki. Trattoria da osteria gidajen abinci ne na iyali, girkin gida, farashi mai dama-dama, kuma su ne abin nemanka. Ristorante ya fi tsada da ƙawa. Friggitoria wurin suya ne, a miƙo maka a takarda ka ci a tsaye. Bar a wurinsu shagon kofi ne da kayan karin kumallo, kodayake akwai kwalaben giya a kan kanta. Pasticceria ta kayan zaƙi ce, panificio gidan burodi. Agriturismo kuwa gona ce da ke ciyar da baƙi daga abin da ta noma, yawanci farashi ɗaya ne a kawo maka kwano bayan kwano. A irin wannan sai ka kira tun da wuri ka faɗi abin da ba ka ci, don ba zaɓi ake yi ba.

Kafin ka zauna, tsaya a ƙofa ka duba takardar abincin. Idan gajera ce, ko an rubuta ta da alli a allo, kuma da Italiyanci kaɗai, alamar alheri ce. Idan mai shafi goma ce da hotuna da tutocin ƙasashe, ga wani saurayi a waje yana kiranka da Turanci, ƙara gaba. Lungu biyu ko uku daga babban dandali farashi yakan sauka, girki ya gyaru. Ka leƙa ka ga su wa ke zaune. Ma'aikata da tsofaffi da iyalai masu surutu da yaren garin sun fi duk wani tauraro da za ka gani a waya. Wata dabarar kuma, ka tambayi mai sayar da kifi ko mai kayan miya a kasuwa inda shi yake cin abincin rana. Ya san wanda ke sayen kaya mai kyau a wurinsa.

Takardar abincin a jere take: antipasto abin taɓa baki, primo taliya ko shinkafa ko miya, secondo kifi ko nama, contorno ganyen rakiya, dolce kayan zaƙi. Ba dole ba ne ka bi su duka, biyu sun ishi mutum. Ɗan tauraro a gefen sunan abinci yana nufin kayan daskararre ne daga firji.

Mataki na huɗu: alade da giya, inda suke ɓuya

A nan zan daɗe, don a nan ne ake yin kuskure. Naman alade da ake gani da ido ba shi da wahalar kaucewa. Ka haddace waɗannan: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, salsiccia, salame, mortadella, speck, lardo. Duk alade ne. Matsalar tana wurin abin da ba a gani, wato strutto, narkakken kitsen alade, wanda a Sisiliya ake kuma ce masa sugna. Shi ne man da tsofaffin masu gashi ke kwaɓa fulawa da shi. Yana iya kasancewa a cikin ɓawon cannolo, wato soyayyen naɗin fulawa da ake cusa wa cuku mai zaƙi, a cikin burodin brioche mai laushi, a cikin biskit, kuma kusan duk kayan da ke jere a gilashin rosticceria, shagunan kayan gashi da suya na Palermo, da shi ake kwaɓa su. Mai shago zai iya rantse maka cewa babu nama a ciki, kuma gaskiya ya faɗa, domin shi bai ɗauki kitse a matsayin nama ba. Saboda haka kada ka tsaya a kan "Non mangio maiale", ba na cin alade. Ka bi shi da tambaya ta biyu: "C'è strutto?" Akwai strutto? Ka kira sunan abin ƙarara. Doka ta tilasta wa shaguna bayyana kayan haɗi, kuma da yawa suna da littafin da za su miƙo maka in ka ce "ingredienti".

Giya ma haka. Taliya mai kayan teku sau da yawa ana yayyafa mata farar giya a kasko. Tunda a take ake girka ta, in ka ce "Senza vino, per favore" za a yi maka babu. Miyar naman ragù kuwa tun safe aka ɗora ta, galibi da jar giya, wani lokaci da gaurayen naman sa da na alade, ba abin da za a iya cirewa. A kayan zaƙi ka saurari kalmomin marsala, rum da liquore. Ɓawon cannolo na gargajiya yakan haɗa biyun, kitse da giyar Marsala, amma akwai shagunan da ke yi da man shanu ko man girki, sai ka tambaya.

Maganar yanka ta rage tsakaninka da abin da ka karanta wurin malamanka. Wanda ya tsaya kan kifi da ganye da taliya a Sisiliya bai yi asarar komai ba, domin nan ne ƙarfin girkinsu yake. Wanda kuma kwaɗayin nama ya taso masa, akwai mahauta masu yankan halal a kewayen kasuwar Ballarò a Palermo, inda 'yan Bangaladash da 'yan arewacin Afirka da 'yan Najeriya da Gana da Gambiya suke zaune, haka ma a tsakiyar Catania da Mazara.

Ka yi tambayar da sakin fuska. Mutanen tsibirin suna son a yi hira a kan abincinsu, mai girki zai iya fitowa da kansa ya zayyana maka yadda kakarsa ke yi.

Mataki na biyar: Palermo, a ci a tsaye

Tsoffin kasuwannin birnin uku ne: Ballarò, Capo da Vucciria. Ballarò ta fi girma da hayaniya, masu kaya suna rera kiran ciniki da ƙarfi kamar ana faɗa. Capo ta fi tsari. Vucciria da rana ta yi sanyi, sai dare take cika da matasa da masu gashi.

Fara da pane e panelle. Garin wani wake ne da suke kira ceci, a dama shi da ruwa da gishiri a kan wuta har ya yi kauri, a shimfiɗa ya huce, a yanka falle-falle, a soya. Mai suya zai tsamo guda huɗu ko biyar suna tururi, ya cusa su cikin burodi mai riɗi a ka, ya barbaɗa gishiri, ya miƙo maka da yankin lemon tsami. Ka ce ya ƙara crocchè, wato dunƙulen dankalin Turawa da ganye. Ka ci nan take, in ya huce ya zama wani abu daban. Da man girki ake soya shi, kuma kuɗinsa 'yan Yuro kaɗan ne.

Sai sfincione, burodi mai kauri da laushi da aka shafe da miyar tumatir da albasa da ƙananan kifin gishiri da cukun caciocavallo da garin busasshen burodi. Ana yawo da shi a babur mai ƙafa uku. Wasu suna sa strutto a kwaɓin, wasu man zaitun.

Arancina dunƙulen shinkafa ce mai za'afaran da aka cusa wa wani abu a ciki aka soya. Nau'i biyu da suka fi shahara duka ba namu ba ne: "al burro" tana da naman alade duk da sunan man shanu da take ɗauke da shi, "alla carne" kuma ragù ce. Nemi mai alayyafo, spinaci, ko mai yalo, alla Norma. A ranar 13 ga Disamba, bikin Santa Lucia, mutanen Palermo ba sa cin burodi ko taliya, sai garin gaba ɗaya ya koma kan arancina.

Abubuwa biyu za su ja hankalinka, ka kalla kawai. Pane ca meusa saifa ce da huhun maraƙi a cikin burodi, kuma a cikin wani karkataccen kasko mai cike da strutto ake juya su. Frittola kuwa mai sayarwa yana tsaye da kwando rufe da ƙyalle, ya zura hannu ya ɗebo maka guntayen nama, su ma a kitsen aka soya. Tsohon shagon Antica Focacceria San Francesco, wanda aka buɗe a 1834, ya yi suna ne da meusa, amma yana sayar da panelle da sauran abubuwa, ginin kansa ma ya isa a leƙa.

Da dare ka zauna a trattoria ka nemi pasta con le sarde. A ganina wannan kwanon ne ya tattara tarihin birnin: taliya, ɗanyen kifin sardin, wani ganyen daji mai ƙamshi da ake kira finocchietto, zabibi, 'ya'yan pinoli, za'afaran, a sama a barbaɗa gasasshen garin burodi. Lokacinsa bazara, sa'ad da ganyen ke fitowa. Ka fara da caponata, soyayyen baƙin yalo da seleri da zaitun da tumatir cikin ruwan khal da sukari, ana cinta da sanyi. Kayan zaƙi kuma, a tsohon gidan 'yan zuhudu mata na Santa Caterina da ke tsakiyar gari akwai shagon da ke yin su bisa tsarin da matan suka bari.

Mataki na shida: yamma, ƙasar kuskus

Daga Palermo zuwa Trapani kamar kilomita 100 ne a babbar hanya. Ka ratse a ƙauyen Scopello ka ci pane cunzato: burodi mai zafi daga tanda, a tsaga shi, a kwarara man zaitun, a jera tumatir da cuku da kifin gishiri, a barbaɗa ganyen origano. Shi ke nan, kuma ya isa abincin rana.

A Trapani abin da ya kawo ka shi ne kuskus na kifi. Mai girkin gaske ba ya sayen na kwali. Ana zuba tsakin alkama a wani faffaɗan kwanon ƙasa mai suna mafaradda, a riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan ana murzawa da yatsu a zagaye har ƙwayoyin su dunƙule. Sai a sa man zaitun da albasa da tafarnuwa da faski, a juye a tukunyar ƙasa mai huji-huji a gindi, a ɗora ta kan wata tukunyar mai tafasa, a liƙe mahaɗar da kwaɓaɓɓiyar fulawa don kada tururi ya tsere. Duk wadda ta taɓa turara dambu a madambaci za ta gane aikin da kallo ɗaya. Bayan fiye da awa guda a kan wuta, a sauke, a shayar da shi romon kifi iri-iri, a lulluɓe da bargo ya huta. A tebur za a kawo maka shi da ƙarin romo a gefe, kai ne za ka riƙa zubawa daidai son ranka. Kafin ka yi oda ka tambaya ko "incocciato a mano" ne, wato murjin hannu. Tsoffin gidajen da ke lungunan bayan tashar jiragen ruwa ne suka fi riƙe wannan. Garin San Vito Lo Capo yana bikin kuskus duk watan Satumba tun 1998, masu girki daga ƙasashe daban-daban har da na Afirka suna gasa. In za ka je a lokacin, ka kama masauki da wuri.

Abu na biyu shi ne busiate, taliya murɗaɗɗiya, da miyar da ba a ɗora ta a wuta: ɗanyen tumatir, almon, ɗoɗɗoya, man zaitun da jar tafarnuwar ƙauyen Nubia, a daka a turmi. Babu nama, babu giya. Kifin tuna kuma lokacinsa Mayu da Yuni. Tsohuwar masana'antar tuna ta iyalan Florio a tsibirin Favignana yanzu gidan tarihi ce, jirgin ruwa na kai mutane daga Trapani.

Da la'asar ka hau motar igiya zuwa Erice a kan dutse. Shagon Maria Grammatico ya shahara da kayan zaƙin almon, waɗanda asalinsu almon ne da sukari da farin ƙwai. Masu ɓawon fulawa, irin su genovesi, ka yi musu tambayar nan.

A Mazara del Vallo jan jatan lande ne abin alfahari, ana kamo shi daga zurfin teku. Su ɗanye suke cinsa da man zaitun. In ranka bai kwanta ba, ka ce a gasa, ba wanda zai ga laifinka. Tsohuwar unguwar garin, Kasbah, 'yan Tunisiya ne da yawa a cikinta, kuma a nan za ka samu kuskus na nama irin nasu.

Mataki na bakwai: kudu da kudu maso gabas

Agrigento ana zuwa ne don tsoffin gine-ginen Girkawa. Abin ci na musamman shi ne kuskus mai zaƙi da fistashiyo da matan gidan zuhudu na Santo Spirito ke yi, sai ka buga ƙararrawa a ƙofa ka saya.

Da ka hau tudun Ragusa ka bar teku a baya, alade ya dawo. Ravioli mai cukun ricotta da suke ji da shi, da miyar alade ake zuba shi. Abin da za ka nema a gidan burodi shi ne scaccia, fallen fulawa siriri da ake naɗewa ninki-ninki da tumatir da cuku, ko da yalo, ko da albasa. Ka guji mai salsiccia. Cukun yankin, Ragusano, mai kusurwa huɗu ne, a rataye da igiya yake tsufa.

Modica garin cakulan ne. Ba sa dafa shi da zafi sosai, don haka sukarin ba ya narkewa, kana tauna kana jin ƙurus-ƙurus. A 2018 Tarayyar Turai ta ba shi alamar kariya ta IGP. Shagon Bonajuto, wanda ke aiki tun 1880, yana bari a ɗanɗana kafin a saya, kuma mai kirfa da mai vanila su ne na asali. Hattara da wani biskit mai siffar rabin wata, mpanatigghi: cikinsa cakulan ne da almon da niƙaƙƙen naman sa, ba za ka taɓa ganewa a baki ba.

A Noto ka tsaya a Caffè Sicilia a babban titi ka sha granita ta almon, wato abin zaƙi mai ƙanƙara. A Siracusa ka je kasuwar Ortigia da safe, kusa da kangon haikalin Apollo, ka ci soyayyen kifi a cikin takarda. Tumatirin Pachino daga nan kusa yake zuwa.

Mataki na takwas: Catania da gindin Etna

Karin kumallo a Catania lokacin zafi granita ce: ruwa da sukari da almon, ko lemon tsami, ko kofi, ko fistashiyo, a daskare ta laushi-laushi. Ana cinta da brioche, a gutsura a tsoma. In brioche ɗin na strutto ne, ka sha granitarka da cokali, ba ta rage komai ba.

Daga nan ka bi bayan dandalin babbar majami'a, ka wuce maɓuɓɓugar Amenano, ka sauka matakala. Kasuwar kifi ke nan, Pescheria. Ƙasa a jiƙe take, kada ka sa takalmin kirki. Za ka ga kan kifin pesce spada an kafa shi a tebur takobinsa na kallon sama, mai shi yana yanka gunduwa da wata ƙatuwar wuƙa, kusa da shi wani yana ɓare ƙananan kifin masculina da babban yatsa ko kallon hannunsa ba ya yi. Gidajen abincin da ke kewaye daga nan suke saye. Ka tambayi mai hidima, "Che pesce avete oggi?", wane kifi kuke da shi yau, ya kai ka gaban ƙanƙara ka nuna da hannu.

A nan ne ake cin kuɗin baƙo in bai lura ba. Kifi sukutum ana sa masa farashi ne "all'etto", wato kowane giram 100. In ka ga an rubuta Yuro 7, kifi mai giram 600 ya zama Yuro 42. Ka ce a auna a gabanka a faɗa maka jimilla kafin a ɗora a wuta. Gasasshe da man zaitun da lemon tsami ya fi kowane haɗi.

Taliyar garin ita ce pasta alla Norma: miyar tumatir, soyayyen yalo, ɗoɗɗoya, da gogaggen cukun ricotta mai gishiri. Kusan kowace trattoria tana yi, kuma da ita ake gane hannun mai girki. A nan dunƙulen shinkafar sunansa arancino, mai tsini a ka, kuma shagon Savia da ke titin Etnea, daura da lambun Bellini, ya daɗe da suna a kansa. Kayan gilashin tavola calda, wato shagon abinci mai zafi na ci-ka-wuce, irin su cipollina da cartocciata, galibi da naman alade a ciki. Titin Plebiscito da dare hayaƙi ne ke tashi ko'ina, naman doki ake gasawa, abin da mashhurin zance a mazhabar Malikiyya ya hana. Bayan cin abinci ka tsaya a ɗaya daga cikin rumfunan chiosco da ke dandali ka ce "seltz, limone e sale": ruwan gas da matsattsen lemon tsami da ɗan gishiri, a sha kafin kumfar ta kwanta. Masallacin Rahama yana dandalin Cutelli, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga kasuwar kifin.

Mataki na tara: lissafi da tsaraba

Ba a kawo takardar kuɗi sai ka nema, "Il conto, per favore". Za ka ga an ƙara coperto, kuɗin zama da burodi, yawanci Yuro 1 zuwa 3 kan kowane mutum. Ba cuta ba ce, a rubuce yake a takardar abinci. Ruwan sha na kwalba ne, za a tambaye ka naturale ko frizzante, maras gas ko mai gas. Ihsani ga mai hidima ba wajibi ba ne, in ka ji daɗi ka bar ɗan canji. A bar, kofi a tsaye a kanta ya fi na zaune araha. Ka riƙe tsabar kuɗi saboda kasuwa, ka kuma karɓi rasit duk inda ka saya.

In ranar tashinka ba ta matso ba, ka hau mota zuwa Bronte a yammacin Etna. Itatuwan fistashiyo a kan baƙin dutsen aman wuta suke tsirowa, ana girbe su da hannu sau ɗaya a shekara biyu, a shekarun mara, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Abin da ake samu kaɗan ne, sunan kuma ya yi yawa a kasuwa, don haka ka duba kwalin ka ga an rubuta "Pistacchio Verde di Bronte DOP" cikakke. Ƙwayar tsanwa ce shar da fata mai ruwan hoda, kuma ta fi ta ko'ina tsada. Ita da cakulan Modica da gishirin Trapani da busasshiyar busiate za su iya tafiya a jakar hannu. Man zaitun da kwalaben miyar fistashiyo kuwa ka naɗe su cikin tufafi a babban akwati, don a filin jirgi ana lissafa su cikin kayan ruwa.